Ina Son Kafa Kamfanin Shinkafa, In Sayar da Gonar Gadonmu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 29 daga yankin Kura a Jihar Kano. Shekara huɗu ke nan ina harkar shinkafa. Nakan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, in ba mata su turara min, in kai inji a casa, sannan in kai kasuwa. Da buhu 5 na fara, yanzu nakan juya kamar buhu 30 a mako. Burina tun ina yaro shi ne in mallaki kamfanin shinkafa, in ga sunana a jikin buhu. Amma tafiyar ta yi min nawa. Cikin abokan da muka taso tare wasu sun yi mota, wani har ya gina gida. Wani dillali ya ce da naira miliyan 40 zai kawo min cikakken inji mai casar tan ɗaya a awa, ya kafa min. Jarina duka bai wuce miliyan 6 ba. Sai na yanke shawarar mu sayar da gonar da mahaifinmu ya bari, wadda har yau ba a raba ba, in cika sauran da bashin banki. Magadan su ne ni, da mahaifiyarmu, da ƙanena ɗan shekara 14, da 'yan'uwana mata uku. Mahaifiyata ta ƙi, har ta kai kwana biyun nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Aurena ma na ɗaga shi sai na kafa kamfanin. Abokina yana cewa wanda ba ya kasada ba ya arziki, wai in dubi Ɗangote. Baba, in ci gaba ko in haƙura?

Ɗanka daga Kura

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, bari in fara da abin da ya fi gaggawa, don kada ka gaji da karatu kafin ka iso gare shi. Kada ka sayar da gonar nan, kada kuma ka ƙara matsa wa mahaifiyarka a kanta. Burin kamfani kuwa ka riƙe shi da hannu biyu. Ban ga mafarkin banza a cikinsa ba. Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya ga yadda shinkafa ta shimfiɗu daga Kura zuwa Kadawa, rani da damina, albarkacin ruwan Tiga da aka datse tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya san ɗan wannan yanki bai yi laifi ba don ya yi fatan ganin sunansa a jikin buhu. Inda muka saɓa da kai shi ne abin da za a fara saye. Kai ka sa inji a gaba, ni kuwa a ganina inji shi ne na ƙarshe a layi.

Ka ce tafiyar ta yi maka nawa. To sake karanta wasiƙarka. Daga buhu 5 zuwa buhu 30, ninki shida ke nan cikin shekara huɗu. Kuma waɗanne irin shekaru? Shekarun da ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa mutane kwana a layin banki, manomi ya ce ba ya karɓar taransifa. Shekarun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, dala ta bar ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin a zagayo shekara. 'Yan kasuwa nawa ka sani da suka karye a wannan tsakani? Kai jarinka ƙaruwa ya yi. Idonka ne yake kan motar abokinka, shi ya sa ba ka ga tazarar da ka ci ba.

Yanzu zo mu yi lissafin da dillalin bai yi maka ba. Ya ce injin yana casar tan ɗaya a awa. Mu ɗauka buhun shansherarka kilo 100 ne, buhu 10 ke nan a awa. Idan ya yi aikin awa takwas, ya cinye buhu 80 a yini. A wata, in ka cire ranakun hutu da gyara, yana neman kusan buhu 2,000. Kai kuma buhu 120 kake juyawa a wata. Wato duk kayan da kake wahala a kansu wata guda, wannan injin zai gama da su cikin yini ɗaya da rabi, sannan ya zauna yana kallonka har wata ya mutu. Da wane kuɗi za ka ciyar da shi? Ka riga ka zuba jarinka da gonarku da bashin banki a cikin ƙarfe da ginin rumfa. Ranar da aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ranar ce za ka laluba aljihu ka ji babu kuɗin buhu ko goma.

Wannan shi ne ramin da ya cinye masu ƙananan kamfanoni da yawa, kuma ka fi ni sanin dalilinsa. Shanshera ba kullum take araha ba. Tana faɗowa da kaka, ta sake faɗowa idan 'yan noman rani sun girbe. A tsakani sai ta yi wuya, ta yi tsada. Manyan kamfanoni suna iya aiki shekara ɗungurungum ne saboda da kaka suke baza wakilansu a kasuwannin ƙauye, daga Kano zuwa kwarin Haɗeja har Kebbi da Taraba, su cika sito da abin da zai kai su wata da watanni. Kuɗin da ke kwance cikin waɗannan buhunan sau da yawa ya fi kuɗin injin kansa. Mai kallo daga waje yana ganin hayaƙi da manyan motoci, ba ya ganin sito.

Na san wani bawan Allah, ba zan faɗi garinsu ba, da ya bi wannan hanya da kake son bi. Filinsa ya sayar ya haɗa da rance. Na je wurinsa bayan kamar shekara biyu. Rumfar tana nan da sabon kwano, fentin sunan kamfanin bai ma dushe ba. A ciki an lulluɓe injin da tamfol, yanar gizo ta haɗe bel da bango, kashin awaki a ƙasa. Shi yana zaune a kan benci a bakin ƙofa, carbi a hannu. Ya yaye min tamfol ɗin da kansa, ya shafa ƙarfen da tafin hannu ya ce, "Wallahi Malam lafiyarsa ƙalau, ko yanzu aka tashe shi zai yi aiki." Na san gaskiya ya faɗa. Injin ba shi da ciwo. Abin da zai ci ne babu, kuma wanda ya ba da rance bai daina zuwa ba. Har yau in na tuna yadda ya shafa ƙarfen nan sai zuciyata ta karye, don mutumin ba malalaci ba ne, ba kuma mai almubazzaranci ba. Tsalle ɗaya ya yi ya faɗa rijiya.

Ga kuma abin da ke biyo bayan inji, wanda ba ya cikin miliyan 40 ɗin. Wuta: a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu layin da ake kira Band A, wato layin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane ma'auni, daga ƙasa da 70. In ba ka kan wannan layi, to janareta ne da man gas. Robar da ke ɓare ɓuntu tana cinyewa, sai an riƙa sauya ta. Bakaniken da ya san ainihin irin injinka wataƙila sai an kira shi daga nesa. Ma'aikata sai an biya su ko an casa ko ba a casa ba. Sannan tambayi dillalin: cikin kuɗin nan akwai tukunyar turarawa da na'urar busarwa? Akwai mai tsince tsakuwa da mai ware baƙar ƙwaya? Abin da ake kira "cikakken inji" a baki yakan zama rabin inji idan an sauke shi daga mota.

Bashin banki kuma fa? A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗora wa ƙaramin ɗan kasuwa. Mu ƙaddara ka ci bashin miliyan 25 a kan kashi 30. Ruwa kawai miliyan 7 da rabi ne a shekara, naira 625,000 duk wata, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Wannan lissafin duniya ke nan, ban ma shiga maganar riba da haramcinta ba, wadda ka san hukuncinta ba sai na karanta maka ba. Ko bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, idan suka saya maka kaya suka sayar maka, ranar biya ranar biya ce, ba ruwanta da ko kasuwa ta yi kyau.

Kasuwar shinkafa kuwa iskar gwamnati ce ke kaɗa ta. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja, kowa ya ruga kafa inji. A Janairun 2022 har dalar shinkafa aka jera a Abuja. Sai a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci da ake shigowa da su, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da aka shiga 2025 farashi ya sauko, waɗanda suka ɓoye kaya da tsada suka ji a jikinsu, kamfanoni da dama suka rage aiki ko suka kulle ƙofa. Kai da kake juya buhu 30 ba bashin kowa a kanka, in kiɗa ya canza cikin mako guda za ka canza rawa: ka rage saye, ka jira, ko ka karkata ga masara na ɗan lokaci. Wanda ke da bashin miliyan 25 a wuya ba shi da wannan damar.

Yanzu maganar gona, kuma a nan zan yi maka magana kamar yadda mahaifinka zai yi da yana raye. Ka rubuta "mu sayar," amma kai kaɗai ne mai son sayarwa. Idan mahaifinku bai bar iyaye ko wata matar ba, rabon a fili yake. Mahaifiyarku tana da tumuni, ɗaya cikin takwas. Sauran bakwai ɗin, kai biyu, ƙaninka biyu, 'yan'uwanka mata ɗaya-ɗaya. Rabonka kashi biyu cikin takwas ne, rubu'in gona. Sauran kashi uku cikin huɗu dukiyar mutane ce, cikinsu har da yaro ɗan shekara 14 wanda a shari'a maraya ne, bai kai matsayin da zai ce ya yarda ko bai yarda ba. Ka buɗe Suratun Nisa'i ka karanta aya ta 10 a kan masu cin dukiyar marayu bisa zalunci. Na san ba niyyar zalunci gare ka ba, niyyarka ka mayar musu ninki. Amma kasada da dukiyar maraya ba ta zama halal don niyya ta yi kyau. Kuma ka yi tunanin 'yan'uwanka mata. Wannan gonar ita ce abin da kowaccensu za ta jingina da shi in rayuwa ta juya mata baya a gidan miji. Mahaifiyarka ba ƙin ci gabanka take yi ba. Mutum shida take kallo a lokacin da kake kallon inji ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai harkar shinkafa a Kura ya nemi rabuwa da gona. Manyan kamfanonin da kake sha'awa neman ƙasa suke yi ido rufe, suna ƙulla yarjejeniya da manoma don su tabbatar da abin da za su casa. Abin da suke nema da kuɗi, ku Allah ya ba ku shi gado.

Abokinka ya ce ka dubi Ɗangote. To mu dube shi da kyau. A 1977 ya fara kasuwanci, yana ɗan shekara 20, da rancen da kawunsa ya ba shi. Sama da shekara 20 ya yi yana saye da sayarwa, yana shigo da sukari da shinkafa da siminti, kafin ya kafa matatar sukari a Apapa wajajen 2000. Kamfanin siminti na Obajana sai a 2007 aka buɗe shi, shekara 30 bayan fara kasuwancinsa. Matatar mai ta Lekki da ake ta magana, an sanar da ita a 2013, aka ƙaddamar a Mayun 2023, ta fara fitar da kaya a farkon 2024. Ka lura da tsarin: sukarin da ya daɗe yana sayarwa shi ya koma tacewa, simintin da ya daɗe yana shigowa da shi shi ya koma yi. Masu saye suna hannunsa tun kafin a aza tubalin farko. Kuma kada mu ɓoye gaskiya, daga gidan arziki ya fito. Kakan mahaifiyarsa, Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ma shekaru ya yi yana fataucin goro a hanyar Gwanja kafin gyaɗa ta ɗaga shi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Idan mai irin wannan gata ya yi shekara 20 yana koyon kasuwa kafin ya kafa masana'anta, kai da ba ka da kawun da zai ɗauke ka in ka faɗi, don me za ka ƙone shekarunka na koyo? Kasada tana cikin kasuwanci, ba musu. Amma ɗan kasuwar kirki yana kasada ne da abin da in ya salwanta gobe zai iya fitowa kasuwa.

Sai dai kada ka ɗauki maganata a matsayin izinin zama wuri ɗaya. Akwai mai tafiya sannu, akwai kuma wanda ya shekara 15 yana maimaita shekara ɗaya yana cewa haƙuri yake yi. Ga tambayar da za ta nuna ko wanne ne kai. Nawa kake ci riba a kan kowane buhu, bayan ka cire kuɗin shanshera, da ladan masu turarawa, da itace, da kuɗin inji, da dako, da mota, da buhun zubawa, da abin da aka ci bashi ba a biya ba? In sai ka ɗaga kai sama kana kintace, to ba ka shirya riƙe kamfani ba ko da kyauta aka ba ka injin. Gobe ka sayi littafi mai kauri. Duk abin da ya shiga, duk abin da ya fita, ko na naira 200 ne, ka rubuta a ranar. Ka yanka wa kanka albashi, ka daina sa hannu cikin kuɗin kasuwa don cefane ko gudummawar biki. Ka riƙa auna kayanka kafin casa da bayan casa. Kilo 100 na shanshera mai kyau yakan ba da kilo 60 zuwa 65 na gyararriyar shinkafa, saura ɓuntu ne da dusa da gutsattsari. In naka yana faɗuwa ƙasa da haka, akwai inda kuɗinka ke zuba, ko a wurin saye, ko a shanya, ko a bakin inji. Bambancin kilo uku a buhu, a kan buhu 120, ya haura buhu bakwai masu kilo 50 duk wata.

Bayan littafi sai inganci, kuma a nan ne sunanka zai fara, tun ba ka da ko ƙusa. Me ya sa uwar gida ke guje wa shinkafar gida ta biya ƙarin kuɗi a kan 'yar waje? Tsakuwa, da wari, da baƙar ƙwaya, da karyewa. Duk huɗun ana maganinsu ba tare da miliyan 40 ba. Ka daina gauraya iri. In Jamila ce ta zama Jamila, in Sipi ce ta zama Sipi, don kowace da yadda take shan ruwa da yadda take dahuwa. Matan da ke turara maka ka zaɓi ƙwararru ka riƙe su da kyau, ka biya su a kan lokaci, ka ƙara wa wadda aikinta ya fi tsabta. Na taɓa tsayawa a kan wata dattijuwa tana shanya. Ta ɗebi ƙwaya uku ta murje a tafin hannu, ta sa ɗaya a haƙori ta ƙwasa, ta girgiza kai ta ce a kwashe a kai inuwa, rana ta fara yi mata yawa, in aka bar ta za ta kakkarye a inji. Abin da injiniya ke aunawa da na'ura ya ce danshi ya tsaya tsakanin kashi 12 zuwa 14, ita da haƙorinta ta san shi. Irin waɗannan mata su ne ma'aikatan kamfaninka na farko. A wanke shanshera a tsame ƙaiƙayi kafin a jiƙa, kada a bar ta a ruwa har ta yi tsami, a shanya a kan tamfol ko siminti maimakon gefen titi.

Daga nan ka nemi mai injin da ke da na'urar tsince tsakuwa da ta goge ƙwaya, ka riƙa biyansa ladan aiki ko da ya fi na unguwarku tsada. Injin wani ne, shinkafar taka ce. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar CAC, ka bi matakan NAFDAC kafin ka fara rufe kaya da suna, ka buga buhunanka, ƙanana masu kilo 5 da 10 da 25 waɗanda ma'aikaci zai iya saye a ƙarshen wata. Ka ga ke nan sunanka ya hau buhu, burin yarintarka ya fara cika, gonarku tana nan. Sannan ka fita neman masu saye na dindindin, ka rage dogaro da wanda ya zo wucewa a kasuwa: masu gidajen abinci, masu shaguna a unguwanni, masu dafa abincin biki, makarantun kwana masu zaman kansu. Mutum 20 da ke jiran kayanka kowane mako sun fi maka rumfa da fenti. Ka yi hattara da ba da bashi, don shi ne ke karya ƙaramin mai kaya tun kafin ya miƙe.

In ciniki ya fi ƙarfin jarinka, kuɗin saye za ka nema, kuma addininmu ya buɗe ƙofa. Akwai ƙiradi: mai kuɗi ya kawo kuɗi, kai ka kawo aiki da sani, a raba riba yadda aka yi alkawari tun farko, in asara ta zo ba da sakacinka ba ta hau kan dukiyar, kai kuma ka yi asarar wahalarka. A Kano akwai masu kuɗin da ke neman amintaccen yaro ruwa a jallo, amma littafi za su fara tambaya. Kome kuka ƙulla a rubuta a sa shaidu, ko da da ɗan'uwanka ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Gonar kuma, in magada sun yarda, ka karɓi hayarta a kan farashin da kowa ke biya, ka ba kowa haƙƙinsa, a ajiye wa ƙaninka nasa, ka noma irin da kwastomominka suka fi so.

Injin farko da za ka saya ƙarami ne, wataƙila mai tsince tsakuwa ko na ɗinke baki, kuma daga ribarka. Babban kuwa shi zai gaya maka lokacinsa. Ranar da ka duba littafi ka ga ladan casa da kake biya duk wata ya haura abin da za ka kashe in injin naka ne, ga masu saye suna jira kana ba su haƙuri, ga kuɗin shansherar wata uku a ajiye wanda ba za ka taɓa ba wajen sayen ƙarfe, to ranar ka je ka yi ciniki, kuma ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, kada ka dogara da bakin dillali. Kafin nan, in za ka iya, ka nemi shiga wani kamfanin ka yi ko wata uku kana aiki, ka ga abin da ke lalacewa, da inda ake sata, da yadda ake rigima da ma'aikata. Zai iya ɗaukar ka shekara biyar, zai iya kai bakwai. Ka kai 34 ko 36 ke nan. Ɗana, a wurina wannan yaro ne ɗanye.

Ka tuna Abdurrahman bin Auf, Allah ya yarda da shi. Ya isa Madina hannu wofi, ɗan'uwansa Ba'ansare Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, kuma bai jima ba ya yi aure da sadakin zinare mai nauyin ƙwallon dabino. Bai jira sai ayarin raƙumansa ya cika Madina ba. Wannan ya kawo ni kan aurenka. Ban ga dalilin da zai sa ka rataye rayuwarka da ta 'yar mutane a jikin injin da ba a saya ba. Mai juya buhu 30 a mako yana iya riƙe mace, in dai ba gasar lefe da kayan ɗaki za a shiga ba. In ta yi maka, iyayenta sun yarda, ka yi aurenka daidai ƙarfinka, ka gaya mata burinka tun yanzu, ku yi tafiyar tare. Motocin abokanka kuwa ka yi musu fatan alheri ka kau da kai. Ba ka ga littafinsu ba. Wasu halal ɗinsu ce, Allah ya ƙara. Wasu kuma mun ga irinsu lokacin damfarar zuba kuɗi ta MMM a 2016, mun sake gani da CBEX a 2025.

Abin da ya fi damuna a duk wasiƙarka shi ne layin da ka ce gaisuwa kawai ke haɗa ka da mahaifiyarka. Wannan kada ya kwana. Yau bayan sallar isha ka shiga ɗakinta, ka zauna a ƙasa, ka ce, "Inna, na janye maganar gona, ki yafe min." Kada ka kawo hujja, kada ka ce amma. In ta huce, wata rana ka zauna ka ba ta labarin abin da kake son ginawa, daki-daki, ka roƙe ta ta sa maka albarka a kai. Ina kyautata zaton ta san matan da suka fi kowa iya turara shinkafa a yankinku, ka tambaye ta.

Bayan kaka ka sake rubuto min. Ka gaya min ribarka a kan buhu, da kilo nawa kake samu daga ɗari, da mutum nawa ke jiran kayanka duk mako. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi wa kasuwarka albarka.